Tsara Ilimi Kafin a Ɗora Shi a Waya

Ɗalibin sakandare a Madachi, cikin ƙaramar hukumar Rano, yau yana iya samun darasi a wayar salula. Tun 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka buɗe manhajar Nigeria Learning Passport, har da darussan Hausa a ciki. Ga kuma karatuttukan malamai da ke yawo a WhatsApp. Darussa sun yawaita, amma a warwatse suke, ba a san na farko ba balle na biye.

Masana kwamfuta suna magance wannan da abin da suke kira ontoloji, wato rubutaccen tsari da ke fayyace abubuwan da ke cikin wani fanni da dangantakar da ke tsakaninsu, ta yadda na'ura za ta iya bi. Masani ɗan Amurka Tom Gruber ne ya yi masa bayanin da ya shahara a 1993.

A ɗauki darasin noma. Za a rubuta cewa kaura nau'in dawa ce, dawa kuma hatsi ce kamar gero da masara, sannan ciyawar wuta-wuta tana kama su duka. Idan yaron garin Kibiya ya nemi abin da ke hana kaurar gonarsu girma, manhajar za ta kawo masa darasin wuta-wuta ko da ba a ambaci kaura a cikinsa ba, domin ta san dangin da kaura ta fito. Haka nan ana rubuta cewa wannan darasi sharaɗi ne ga wancan, don kada a ba yaro rabawa bai iya ninkawa ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar zaure ɗalibin fiƙihu yana farawa da Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, sannan Risala, kafin ya kai Muhtasar. Malami ya san littafin da ke buɗe wa wani hanya. Abin da ya rage shi ne a rubuta irin wannan sani cikin sigar da kwamfuta ke karantawa.

Wurin farawa yana nan. Rumbun Wikidata, wanda aka kafa a 2012, yana ba kowane abu lambarsa, kuma yana karɓar sunaye da Hausa. Najeriya ita ce Q1033, ko da wane harshe aka neme ta.

Wannan aiki na malamai ne kafin ya zama na injiniyoyi. Malamin noma a Madachi ne ya san sunan da manoma ke kiran kowane iri da kowace cuta. Ya kamata hukumar ilimi ta Kano da Jami'ar Bayero su zauna da irin waɗannan malamai, fanni bayan fanni, a rubuta tsarin da Hausa. In ba haka ba, yaranmu za su ci gaba da ƙona data wajen laluben darasin da tuni aka ɗora dominsu.