Hanyar Ruwa Guda: Sanyaya Inji da Fitar Hayaƙi a Jirgin Wasan Zamiya

A shekarar 1922 wani matashi mai suna Ralph Samuelson ya ɗaura katako biyu a ƙafafunsa, jirgi ya ja shi da igiya a tafkin Pepin da ke jihar Minesota ta Amurka. Daga nan wasan zamiya a kan ruwa ya samo asali, kuma da tafiya ta yi tafiya sai wasan ya haifar da jirginsa na musamman. Kamfanin Correct Craft na Filorida ya fito da Ski Nautique a 1961, MasterCraft ya biyo baya a 1968, Malibu kuma a 1982. Abin da ya haɗa waɗannan jirage shi ne injinsu ba a rataye yake a baya ba. Yana zaune ne a cikin jirgin, a ƙarƙashin akwati, sandar da ke juya farfela ta huda ƙasan jirgi ta fita. An yi haka ne don nauyi ya daidaita, igiyar ruwan da jirgi ke tayarwa ta kwanta, farfela kuma ta yi nesa da ƙafar mai hawowa ta baya. Shi kansa injin asalinsa na mota ne, mai silinda takwas, irin Ford mai lita 5.8 ko General Motors mai lita 5.7, kamfanoni kamar PCM da Indmar ke gyara shi ya dace da ruwa. Abin da wannan rubutu zai tabbatar shi ne, a irin wannan inji sanyayawa da fitar hayaƙi aiki ɗaya ne a kan hanyar ruwa ɗaya, kuma duk wanda ya raba su a tunaninsa zai makara wajen gane matsala.

Dalilin haɗuwarsu yana cikin zafi. Injin fetur irin wannan ba ya mayar da ko kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin mansa zuwa motsi. Sauran zafi ne da dole a san inda za a kai shi. A mota, lagireto ne ke miƙa wa iska wani kaso, salansa kuma tana miƙe a ƙarƙashi, a sarari, komai jan da ta yi iska na bugunta. Jirgi ba shi da wannan gata. Injinsa a rufe yake cikin akwati, a tsakiyar mutane, jikin jirgin na faiba ne mai cin wuta, tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan jirgi. Bututun da hayaƙin cikinsa ke haura digiri 500 na Salshiyos ba zai zauna tsirara a irin wannan wuri ba. Ga kuma nauyin aiki. Mota na samun gangara ta huta, tana canza giya ta sassauta, amma ruwa ba ya sakin jirgi ko na daƙiƙa ɗaya. A gasar zagaye alamomi ana jan maza a gudun kilomita 58 a awa, kuma duk lokacin da za a ɗago ɗan wasa daga cikin ruwa sai an buɗe wa inji wuta sosai. Saboda haka maƙera suka koma ga abin da ke kewaye da jirgin kyauta, wato ruwan tafki, suka ɗora masa aiki biyu.

Ruwan yana shiga ta wata kafa a ƙasan jirgi, ya ratsa rariya mai tare ciyawa, ya bi ta bututun da ke sanyaya man giya, famfo ya tura shi gidan tamostat, ya zaga jikin inji. Daga nan ya shiga rigar ruwan da ke lulluɓe da manifol, wato ƙarfen zubin da ke tara hayaƙin silindoji huɗu na kowane gefe, ya hau gwiwar da ke kan manifol ɗin. A bakin gwiwar ne ake fesa shi cikin hayaƙi, su gauraya, zafin ya faɗi har mesar roba ta iya ɗaukarsu zuwa bayan jirgi. Wannan tsari yana da sauƙi da araha, kuma ya yi shekaru da dama yana aiki. Amma a lura, hanya ce ɗaya mai mashiga guda tak. Ledar da ta liƙe a bakin kafa, ko murfin rariyar da ke shan iska saboda robarsa ta tsufa, ba inji kaɗai za su hana ruwa ba, har da salansa. A wasu tafkunan Amurka ma akwai ƙananan kifin kwanso masu zane da suka shigo Manyan Tafkuna na iyakar Amurka da Kanada a ƙarshen shekarun 1980, suna maƙalewa a kafofin shan ruwa su toshe su.

Zuciyar wannan hanya wata 'yar fankar roba ce da ke cikin famfo, wadda ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Tana da fikafikai masu laushi a kewaye da cibiyar ƙarfe, gidan da take juyawa a ciki kuma an matse shi ta gefe ɗaya, don haka kowane fiffike sai ya lanƙwashe ya sake miƙewa a kowane zagaye. Wannan lanƙwasa da miƙewa ita ke tsotso ruwa ta tura shi. Ruwan da take turawa shi ne kuma man da ke hana ta gogewa, shi ya sa idan aka tayar da inji a tudu ba tare da an haɗa masa mesar ruwa ba, ƙasa da minti ɗaya ya isa ya lalata ta. Idan ka ciro tsohuwar fanka ka lanƙwasa fiffike ɗaya baya, za ka ga siraran tsagu a gindinsa, ka ga bakinsa ya yi santsi ya baje, wasu kuma sun sandare a karkace saboda watannin da suka yi a matse jirgi na ajiye. Ranar da fiffike ya gutsure, guntunsa ba ya ɓacewa. Yana bin ruwa ya maƙale a gidan tamostat ko wata ƙunƙuntar hanya, shi ya sa makaniki mai hankali ke jera guntayen a kan tsumma ya ƙirga har fankar ta cika kafin ya saka sabuwa. Masu jiragen da ke da inji na ratayawa a kogin Kwara da tafkin Chadi sun san irin wannan fanka, sai dai su suna da ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa a gefen inji yana shaida musu famfo na aiki. Mai inji na ciki ba shi da wannan shaida sai ya leƙa bakin salansa.

Idan fanka tana kashe inji ta hanyar hana shi ruwa, manifol da gwiwa suna kashe shi ta hanyar kai ruwa inda bai kamata ba. A inda suka haɗu, gasket ne da bangon ƙarfe na 'yan milimitoci ke raba hanyar ruwa da ta hayaƙi. Ƙarfen zubi ne da ke shan zafi da sanyi, ruwa da iska, dare da rana, don haka tsatsa na cinsa daga ciki inda ido ba ya gani. Ɓawon tsatsar yakan fara da rage hanyar ruwa, gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi. Daga baya bangon ya huje ko gasket ya saki, ruwa ya riƙa ɗiga baya bayan an kashe inji, ya bi ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe ya taru a kan fistin. Ruwa ba ya matsuwa. Idan aka murza makulli fistin ya taso ya tarar da shi, ko inji ya cije ko sandar fistin ta lanƙwashe. Kafin a kai nan akwai alamu ga mai dubawa: layin tsatsa da ke gangarowa daga mahaɗin gwiwa, fulogi ɗaya mai jan baki ko jiƙaƙƙe, wahalar tashi da safe, baƙin mai da ya koma fari-fari mai kauri. A ruwan gishiri waɗannan ƙarafa sukan gaji cikin shekara 3 zuwa 5, a ruwan daɗi kuwa sukan daɗe sosai. A arewacin Amurka da Kanada akwai ƙarin haɗari, domin ruwa na kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, kuma wanda aka manta ba a tsiyaye ba kafin hunturu ya isa ya tsaga manifol ko jikin injin kansa.

Wani zai ce ai akwai agogon zafi a gaban matuƙi, sababbin jirage ma suna da ƙararrawa, don me za a damu kafin allura ta motsa? Amsar tana cikin inda na'urar aunawa take. Zafin ruwan jikin inji take aunawa, shi kuwa jikin inji ƙarfe ne mai nauyi cike da ruwa, yana ɗaukar lokaci kafin ya yi zafi. Mesar salansa ba ta da wannan jinkiri. Da zarar feshin ruwa ya yanke, busasshen hayaƙi ke dukan roba kai tsaye, ta kumbura daga ciki, ta ƙone, alhali allura ba ta gama tashi ba. Tunda bakin salansa yana daidai layin ruwa ne, mesar da ta huje ƙofa ce da tafki zai shigo cikin jirgi. Wani lokaci ma idan ruwa ya ƙafe gaba ɗaya, na'urar tana zama cikin tururi ta ba da labarin da ba daidai ba. Ban ce agogo ba shi da amfani ba. Yanayin tashinsa ma bayani ne: zafi a ƙaramar wuta da ke sauka idan an ƙara gudu sau da yawa yana nuna gajiyayyiyar fanka ko shan iska, zafin da ke zuwa sai an buɗe wuta kuma yana nuna toshewa. Amma kunne yakan riga shi, domin salansar da ta rasa ruwa muryarta na canzawa ta yi ƙarfi da kaushi.

Wani kuma zai ce laifin na tsarin ne, a koma ga rufaffen tsari mai ruwan sanyaya inji na musamman a huta. Akwai gaskiya a nan. A rufaffen tsari ruwan tafki ba ya shiga jikin inji, yana ratsa wani tulun musayar zafi ne kawai ya kwashe zafin ruwan ciki. Wannan na kare inji daga tsatsa da gishiri, yana kuma barinsa ya yi aiki a zafin da ya fi dacewa da shi, saɓanin buɗaɗɗen tsari da ake sa wa tamostat mai buɗewa tun daga digiri 60 zuwa 71, musamman don kada gishiri ya daskare a hanyoyi. Ga mai jirgi a bakin teku wannan kuɗi ne da ya cancanci a kashe. Sai dai rufaffen tsari bai kawar da kafa, rariya da fankar roba ba, kuma gwiwa tana nan da ruwan tafki a cikinta tunda dole a fesa shi cikin hayaƙi. An rage wuraren da tsatsa za ta ci, amma dogaro ga hanya ɗaya yana nan daram.

Ƙorafi na uku na aljihu ne: me ya sa za a jefar da fankar da ba ta lalace ba, ko a kwance gwiwar da ba ta yoyo? Wannan tunani ya dace da kayan da ke gajiya a hankali a kan idon mai su. Fankar roba kuwa tana iya turo ruwa kamar lafiya lau har zuwa lokacin da za ta gutsure, manifol kuma fentinsa na waje na sheƙi alhali cikinsa ya zagwanye. Kayan da ba kullum suke gargaɗi ba, kalanda ce ke yanke musu hukunci. Shi ya sa masu gyara ke ba da shawarar canza fanka duk shekara ko shekara biyu, a kuma riƙa kwance gwiwa ana duba mahaɗinta da sabon gasket. Kuɗin fanka bai kai na cika tankin fetur ba, aikinta kuma bai wuce na awa guda ba, amma rashin yinsa na iya cin inji sukutum. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai abin da ya fi inji tsada a wannan lissafi. Ruwa na sanyaya hayaƙi, yana rage masa ƙara, amma ba ya wanke iskar kabon monoksaid da ke cikinsa. Iska ce mara launi mara wari, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama iskar shaƙa sau sama da 200. Bakin salansa kuwa yana ƙarƙashin dandamalin da masu iyo ke kamawa ne a bayan jirgi. Mutuwar matasan da ke rataye da wannan dandamali jirgi na tafiya ta sa jihar Kalifoniya ta haramta yin hakan daga 2005. A wani mataki na daban, jihar ta tsaurara dokar hayaƙi daga 2008, abin da ya sa aka fara saka na'urar tace hayaƙi a sababbin injuna, gwamnatin tarayya ta biyo baya a 2010. Amma dubban tsofaffin jirage masu kafireta suna nan suna aiki, kuma mesar da rashin ruwa ya ƙona tana sakin wannan iska a cikin jirgin kansa, ƙarƙashin kujerun yara.

Saboda haka abin da ya wajaba a kan mai irin wannan jirgi ba ya buƙatar ilimin injiniya. Ya tabbatar ruwa na fita ta salansa da zarar inji ya tashi. Ya taɓa gwiwoyi biyu bayan ɗan gudu, ya ji ko ɗaya ta fi ɗaya zafi har hannu ba ya iya zama. Ya duba launin baƙin mai, ya wanke rariya, ya tsiyaye ruwa kafin sanyi, ya kashe inji duk lokacin da mutum ke kusa da bayan jirgi. Idan kuma inji ya taɓa yin zafi ko sau ɗaya, kada ya tsaya a canza fanka, ya bi hanyar ruwa tun daga kafa har bakin salansa, domin ɓarnar rashin ruwa ta fi yawa a ƙarshen hanya, inda agogo ba ya gani.