Powerman da Kilba: Jaruman Sama Biyu a Adabin Yara

Labarin zane, watau labarin da akan tsara da hotuna ɗaki-ɗaki, maganar kowane mutum tana fitowa daga bakinsa cikin ɗan da'ira, baƙo ne a Nijeriya, kuma bai taɓa zama da gindinsa a adabin Hausa ba. Mai neman dalilin haka ya kamata ya dubi abin da ya sami wata mujalla mai suna Powerman.

An fara buga ta a 1975, tana fitowa bayan kowane mako biyu, kuma kamfanin Pikin ne ya ɗauki nauyinta. Tauraronta baƙin mutum ne mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, yana tashi sama, yana karawa da dodanni da mutum-mutumin ƙarfe, ba abin da ke karya lagonsa sai saran maciji. To, amma a Ingila ake rubuta labarin, da Turanci, a can kuma ake zana shi. Turawa biyu ne, Dave Gibbons da Brian Bolland, suke karɓa-karɓar zanen. Har lamba aka sa su liƙa wa kowane hoto, wai don kada mai karatu ya rikice wajen sanin wanda ke bin wani. Wannan kuwa raini ne tsagwaronsa, domin yaron da ya saba bin tatsuniyar Gizo mai rassa uku da dare ba zai ɓata tsakanin hoto na biyu da na uku ba. Kafin 1977 ta ƙare mujallar ta mutu.

Shekara shida kafin fitowar Powerman, watau a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Shi ba labarin zane ba ne, zube ne, amma jigonsa na kusa da wancan. Wani yaro mai suna Kilba ya gamu da Kolin Koliyo, baƙo daga sararin samaniya, wanda ya ɗauke shi ya zaga da shi wuraren da idon mutum bai taɓa gani ba. Kilba ba shi da ƙarfin tsiya ko rigar tsafi. Abin da yake da shi kawai shi ne son sani, da tsoro irin na kowane yaro. Saboda haka ɗan makaranta a Jega ko Maiyama yana iya sa kansa a matsayinsa ba tare da wahala ba, tun da yake Hausawa sun riga sun san Gandoki na Bello Kagara, da tafiye-tafiyensa cikin aljannu, tun 1934. Dembo ya ɗora kumbo ne a inda dā ake ɗora aljani.

Akwai kuma batun kasuwa. Mujalla sai an saye ta kowane fitowa, in ciniki ya yi sanyi ta tsaya. Littafin da ya shiga aji kuwa akan sake buga shi, ƙane ya gāda daga wa.

Su masu zanen ba su yi asara ba. Gibbons ya yi suna da Watchmen a 1986, Bolland kuma da The Killing Joke a 1988. A wannan shekara ta 1988 ne wani kamfanin Amurka, Eclipse, ya sake buga wasu daga cikin labaran Powerman don masu karatunsa na can, bayan an sauya wa jarumin suna zuwa Powerbolt.