Shirin Musamman: Faifan Japan a Gidajen Gem na Mando

Duk wanda ya tashi a Mando ko Kawo da ke Kaduna a farkon shekarun 2000 ya san gidan gem: ɗan shago, benci, talabijin mai ƙeya, PlayStation ta farko, ga yara sun yi cincirindo suna jiran wanda aka ci ya tashi. Wasan da ya fi tashe shi ne na ƙwallon ƙafa, Winning Eleven na kamfanin Konami da ke Japan, kuma Kaduna tana da dalilin sonsa fiye da kowane gari. Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna da ya buga wa Ajax, ya yi suna a wasan har a ƙasashen waje saboda gudunsa. In ya kwasa da ƙwallo ta gefen dama, sai dai mai tsaron baya ya bi shi da kallo. Ga kuma Daniel Amokachi, tsohon ɗan wasan Ranchers Bees ta Kaduna.

Sai dai faifan Winning Eleven 2002 don kasuwar Japan aka yi shi, rubutunsa da sharhinsa duk da Japananci. Yara haddace wurin dannawa suke yi, kamar makaho da ya san hanyar gida. Masoya wasan ne a ƙasashe daban-daban, ba albashi ba kwangila, suka buɗe cikin faifan suka mayar da rubutun Turanci. Aikin ba wasa ba ne, domin Japananci yana faɗin abu mai yawa da harafi kaɗan, dole mai fassara ya matse kalma ta shiga ɗan gurbin da aka tanada, wani lokaci ma sai ya sake zana haruffan da kansa. A ganinmu waɗannan mutane sun cancanci yabo, kuma hanyar da suka bi ita ya kamata Hausa ta bi.

Wani zai ce ai akwai na Turai da Turanci, wato ISS Pro da Pro Evolution Soccer. Gaskiya ne, amma na Turai ya fi nawa saboda tsarin talabijin ɗinsu, kuma rashin lasisi ya sa har Roberto Carlos ya koma Roberto Larcos. Masoya ne suka riƙa gyara irin wannan. Wani kuma zai ce wannan fassarar satar fasaha ce. Nan sai a rarrabe. Mai fassara yakan saki ɗan fayil na gyara kawai, wanda ba ya aiki sai an haɗa shi da ainihin wasan. Masu buga faifai babu izini suna sayarwa, laifinsu daban, kuma ba mu wanke su ba. To iyayen da ke kukan gem yana hana karatu fa? Kukansu na kan hanya, amma maganinsa ƙayyade lokaci ne, ba barin yaro yana danna abin da bai fahimta ba.

Wasu ma sun bi wannan hanyar: a Brazil, masu gidan gem ne suka ƙirƙiro Bomba Patch daga Winning Eleven na PlayStation 2, da kulob-kulob ɗinsu da sharhi a harshensu. Mu ma mun ga yadda Algaita a Kano ta sa finafinan Indiya suka yi magana da Hausa, jama'a suka karɓa hannu bibbiyu. Masu sharhin ƙwallo da Hausa kuwa cike suke a gidajen rediyonmu.

Don haka muna kira ga matasan Mando masu ilimin kwamfuta da ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna: ku zana ɓ da ɗ da ƙ a cikin haruffan wasan, ku sa Kano Pillars da Katsina United da Ranchers Bees, ku raba gyaran kyauta ba tare da sayar da kayan wani ba. Masu sauraro, sai mun ji ra'ayoyinku.