Ruwan Tiga Ba Na Kanawa Kaɗai Ba Ne

Wanda ya bi ta Kadawa da rani, ya ga ruwa na gudu a magudanai dare da rana, zai ɗauka dam ɗin Tiga ba ya ƙafewa. An kammala shi a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin da fari ya gama da dabbobi da amfanin gona a Arewa. A 1992 aka ƙara da na Challawa. Da su birnin Kano ke sha, kuma da ruwan Tiga manoman Kura, Bunkure da Garun Malam ke noman shinkafa, alkama da tumatir.

Abin da ba a cika gaya wa jama'a ba shi ne, rarar da ta saura bayan Kano ta sha ta yi ban-ruwa tana da masu ita. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. Ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are, ya bi ta Gashuwa da Gaidam har Diffa ta Nijar. Masunta, makiyaya da manoman fadama na can duk shi suke jira. A shekarar da damina ta gaza, manomin da ya fasa bangon magudana ya ja ruwa, ko ya buɗe ƙofar ruwa da magariba ya tafi gida ya kwanta gona ta cika ta tumbatsa, rabon wani ya zubar a ƙasa, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Sakin rarar ma sai da lissafi. Da aka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan ba rani ba damina, ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Wasu ƙauyuka na fama da ambaliya, maƙwabtansu kuma fadamarsu ta bushe. Wannan na cikin abin da ya tara jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato a Damaturu a 2006, suka kafa asusun kula da kogin tare. A ganina takarda ta yi, aiki ne ya yi ƙaranci.

Don haka, ɗan'uwa manomi, ka bi ranar ban-ruwa da aka yanka maka, in gona ta sha ka rufe. Shugabannin ƙungiyoyin masu ban-ruwa kuma su matsa wa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sanar da ranakun sakin ruwa a rediyo, tun kafin rani ya kama.