Yaro da Makarantarsa

Ga yara biyu, ajinsu ɗaya, malaminsu ɗaya. Wannan yana ɗokin gari ya waye ya tafi makaranta. Wancan kuwa sai an kora shi da tsumagiya. Me ya raba su? Galibi abin da kowannensu ya ɗauko daga gida ne.

Yaro yana da kunne. In uba ya zauna a zaure yana cewa boko ɓata lokaci ne, gara yaro ya tafi fadama, to, ɗansa ya ji. Gobe zai shiga aji da zuciya biyu. Malam yana magana, shi hankalinsa yana waje. Da ya rasa gane karatu sai zaman ya gundure shi, ya fara fashi.

Abu na biyu shi ne yaro ya iya yi wa kansa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ku duba makarantar allo. Almajiri shi ke wanke allonsa ya shanya. Shi ke fere alƙalaminsa na gamba, ya haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Ya san inda ya tsaya jiya, ba sai an tuna masa ba. In ya iya, ya je gaban malam ya biya, a ƙara masa. Don haka ba ya jin shi baƙo ne a wurin. Haka nan a Gidan Goga ɗan shekara bakwai yakan kai awaki kiwo ya komo da su cif. Yaron da ya iya wannan, yaya za a ce ba ya iya adana fensir?

To, ku bar shi ya wanke fuskarsa, ya nemo littafinsa da kansa. Ku da kuka fara koyon rubutu, hannu zai riƙa yi muku ƙaiƙayi ku yi masa aikin gida. Kada ku yi. Ku zauna kusa, ya yi, ko da baƙin ya karkace.

Sai kunya. Kunya ado ce, amma tambayar malam ba rashin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata. Yarinyar da aka saba kwaɓa duk sanda ta buɗe baki a gida, ba za ta ɗaga hannu a aji ba.

A 1976 gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa. Dokar 2004 ta mai da shekara tara na farko tilas. Amma doka iyakarta ƙofar aji, ba ta sa yaro ya saki jiki.

Akwai kuma tsoron da ba laifin yaro ba ne. A Fabrairun 2021 'yan bindiga sun kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe, ƙasar Talata Mafara. A Satumba aka sake yi a Kaya, ƙasar Maradun, har gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu. Yara sun ji labarin duka. In ɗanku ya noƙe, kada ku ce ragwanci ne tun ba ku tambaye shi ba. Ku raka shi, ku gaisa da malaminsa yana gani, ku haɗa shi da yaran unguwa su riƙa tafiya tare.