Ɗaga Tsohuwar Land Cruiser: Abin da Ke Faruwa da Ƙafafun Gaba

Duk mai zuwa cin kasuwar ƙauye a arewacin ƙasar nan ya san tsohuwar Land Cruiser a-kori-kura, wato FJ45 mai shan fetur da 'yan uwanta HJ45 da HJ47 masu shan gas. Toyota ta fara ƙera wannan jeri na 40 a 1960, ta daina a Japan a 1984, amma har yau wasunsu na ɗaukar buhu da fasinja. Da yawa daga masu su kan kai su gareji a ƙara musu tsawo saboda laka da kwazazzabai na damina. Niyyar ba ta da laifi. Matsalar ita ce yadda ake yin aikin, musamman a ƙafafun gaba inda sitiyari da birki suke.

Da farko mai karatu ya san cewa ɗaga sifirin jikin mota kaɗai yake ɗagawa. Tulun nan da ke jikin aksul, wanda shi ne yake fara dukan dutse, yana nan inda yake. Babbar taya kaɗai ke nisanta shi da ƙasa.

Hanya mafi araha ita ce a cire maratayin sifirin, wato ƙarafan nan biyu masu lilo da ke riƙe da bakinsa, a sa dogaye. To, lissafin ɗan firamare ne: tun da aksul a tsakiyar sifirin yake zaune, idan aka ƙara santimita 10 a marataya, motar santimita 5 kawai za ta tashi. Riba kaɗan ce, kuma ga hasara a bayanta. A wannan mota maratayin sifirin gaba a gaba yake, kusa da bamba. Idan ya yi tsawo, bakin sifirin ya sauka, sai aksul ɗin duka ya ɗan juya gaba.

Don a gane illar wannan, a dubi keke. Ƙarfen da ya sauko daga kan keke zuwa tayar gaba ba a tsaye cak yake ba, samansa ya kwanto baya. Wannan kwanciya ita ke sa yaro ya saki hannu keken ya ci gaba da tafiya sak. Mota ma an yi mata irin wannan kwanciya ta 'yan digiri, ana kiranta kasta, kuma ita ke dawo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Dogon marataya yana cinye ta. Sai ka ga direba na ta kokawa da sitiyari a kan miƙaƙƙiyar kwalta, mota na yawo hagu da dama kamar akuyar da ta tsinke.

Maganin ba shi da tsada. Ana sa ɗan ƙarfe mai siffar bakin gatari, na digiri 2 zuwa 4 gwargwadon tsawon da aka ƙara, tsakanin sifirin da mazaunin aksul, don ya mayar da kwanciyar. Ya kasance na ƙarfe, domin na alminiyam yakan tsage. A kuma sa sababbin ƙarafan U masu ɗaure aksul, a sake ɗaure su bayan 'yan kwanaki ana aiki. Wanda ke da hali, a ganina, gara ya sayi sifirin mai ƙarin lanƙwasa ya bar marataya kusa da tsawonsa na asali.

Sai sandar da ta taso daga wajen sitiyari zuwa ƙafa. Idan jiki ya tashi, ita ma ta karkace, duk ramin da taya ta faɗa sai ta fizgi sitiyari. A nan ne wasu kan yanke sandar su yi mata walda don ta yi tsawo. Wannan kam ganganci ne, domin ranar da waldar ta saki, babu abin da ya haɗa hannun direba da taya.

Haka nan tiyon birki. Na asali an auna shi ne da tsawon asali. Idan ƙafa ta sauka cikin rami yakan miƙe har ya tsinke, man birki ya zube. A ɗaga motar da jak har tayoyi su yi reto, a duba ko akwai sauran sassauci a tiyon, in babu a sa dogo. Shok ma a auna shi ta wannan hanya.

Idan kuwa gaban mota ya fara kakkarwa bayan an taka gargada, a binciki kawunan tayarod da robobin sifirin da boris ɗin da ƙafa ke juyawa a kansu. Ƙara sabon shok na sitiyari ɓoye ciwon yake yi kawai.

Akwai abu ɗaya da babu bakaniken da zai gyara. Mota mai tsawo ta fi saurin kifewa, balle an jibga buhunan masara mutane kuma sun hau kansu. Santimita 5 ya ishi yawancin hanyoyinmu, lodi mai nauyi kuma ya zauna a ƙasa, kusa da bayan direba.