Aurarriyar magarya: iccen da ya dace da ƙaramar garka

Mai ƙaramar garka ba shi da filin ɓarna. Iccen da ya dasa bana, da shi zai zauna shekara da shekaru. Saboda haka sai ya zaɓa da natsuwa. Yawancin itatuwan ƙasashen sanyi, kamar tuffa, ba su yin fure sai sun sha sanyi mai tsanani. A wurinmu wahalar ban ruwa kawai za su bari.

Magarya kuwa tamu ce, ta saba da fari da rairayi. Ana aura mata reshen iri mai kyau na ƙasar Indiya, kamar Gola da Umran. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta taimaka wajen yaɗa wannan iri. Ƴaƴansa sun fi na daji girma da tsoka. Suna ɗauke da bitamin C, mai ƙarfafa dasashi, mai taimaka wa rauni ya warke.

In kun je wurin masu renon itatuwa, ku nemi a nuna muku mahaɗin auren a jikin kara. Ku ɗauki wanda mahaɗinsa ya warke, ganyensa kore shar.

Ku dasa a watan Yuli ko farkon Agusta, bayan ƙasa ta sha ruwa. Ku haƙa rami mai zurfin rabin metir, faɗinsa ma haka. Ku gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, don ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Ku yanke leda ku cire, kada dunƙulen ƙasar ya farfashe. Mahaɗin ya tsaya sama da ƙasa, kada a binne shi. Ku bar metir 5 tsakaninsa da wani icce. Ku ba shi ruwa, ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Ga babban gargaɗi: duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗi, na magaryar daji ne. Ku cire shi nan take. In an bar shi, zai rinjayi reshen aure, a ƙarshe ku girbi ƙananan ƴaƴa irin na jeji.

Bayan an gama tsinke, wajen watan Mayu, ku rage rassan sosai, domin a sabon toho magarya take haihuwa. Ƴaƴan da suka faɗi da tsutsa, ku tattara ku binne. Wanda ya kiyaye wannan, yara za su ci, kasuwa ma ta samu rabonta.